Tek a bakin ƙofa, Tarkwa a nesa: amsa ga 'yata ta Aboabo

Ga saƙon da ya shigo min wannan satin, na ɗan rage masa tsawo:

"Salam Anti. Ni 'yar Aboabo ce nan Kumasi, shekarata 19. Na yi sayans a sakandire, WASSCE ta fito na samu agriget 10 alhamdulillah. Na cike fom biyu, jami'ar KNUST ta nan Kumasi da muke cewa Tek, da UMaT, jami'ar ma'adinai da fasaha ta Tarkwa. Tun lokacin dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, ina 'yar shekara tara, da firijin Mma ya ƙone sana'ar ƙanƙararta ta tsaya, nake cewa ni injiniyar lantarki zan zama. Tek basu bani Ilektrikal ba, sun bani Agrik Injiniyarin, wanda na saka na uku don dai kar layin ya zauna ba komai. UMaT kuma sun bani Ilektrikal ɗin. Baba yace ba inda zani, ga Tek a bakin ƙofa, 'ya mace me zata je yi garin masu haƙar zinari. Mma tayi shiru amma na san kuɗin hostal take tunani. Ƙawayena sunce Tek ai Tek ce, ko me suka baka ka karɓa kawai. Saura sati uku a rufe biyan kuɗi, wallahi ko bacci bana iyawa. Dan Allah me zanyi?"

Wa alaikis salam 'yata. Kafin komai barka, Allah ya sanya albarka, agriget 10 a sayans ba a tsintarsa a hanya (shi agriget iya ƙanƙantarsa iya kyawunsa), duk wanda ya taɓa zama gaban takardar Ilektif Mas da Fiziks da Kemistiri ya san abinda kika sha. Kuma ki kwanta ki yi baccinki, yara nawa ne yanzu haka a Aboabo da Asawase da Sawaba suke duba waya safe da yamma ko ɗaya ba a basu ba, ke biyu kika samu. Irin wannan ciwon kan ai roƙon Allah ake ya ba mutum.

Ni dai ban iya noƙe-noƙe ba, shekara ashirin da wani abu ina koyar da Fiziks a sakandire sun cire min wannan, don haka ga ra'ayina tun daga farko: in aljihun gidanku zai iya riƙe ki shekara huɗu, kuma aka samu Baba ya sa albarka, toh Tarkwa zaki. Sharuɗɗan nan biyu ba don ado na sa su ba, su ne ma aikin da ke gabanki a sati ukun nan, zamu dawo kansu.

Kin san inda kika ba kanki amsa? Inda kika ce kin saka Agrik ne don kar layin ya zauna ba komai. Da cewa kika yi "ina son sa amma na fi son Ilektrikal" da wata magana zamu yi daban. Abinda mutum ya rubuta don cike layi ba shi zai tashe shi ƙarfe uku na dare ya yi lissafi ba, kuma injiniyarin ko wanne iri ne sai ya tashe ki ƙarfe uku na dare, wannan ba makawa. Na taɓa koyar da wani yaro mai ƙwaƙwalwa, ya karɓi kos ɗin da baya so saboda sunan jami'a da kuma baban sa yana so ya riƙa faɗa a majalisa, ya gama da ƙyar da jan ciki, yau waya yake saidawa a Adum. Sana'a ce, halal ce, yana ci da iyalinsa, amma duk sanda na wuce ya gaishe ni sai ya ce "Madam da na ji maganarki". Ni kuwa bana jin daɗin jin haka.

Ƙawayenki da suke cewa Tek Tek ce, basu yi ƙarya ba amma rabin zancen suka faɗa. KNUST tun 1952 ta buɗe a matsayin kwalejin fasaha ta Kumasi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, kuma in kika shiga ofisoshin kamfanonin wuta irin su VRA ko ECG ko masu gina titi kika tambayi manyan injiniyoyi inda suka yi karatu, da yawansu can zasu ce miki. Sunan yana da nauyi, a gida da waje, ni ba zan rage masa komai ba, 'ya'yana biyu can suka yi. Amma ki je ki duba yadda ake tallan aiki. Kamfanonin wuta irin su GRIDCo ko ECG ko NEDCo in suna neman injiniyan lantarki, abinda suke rubutawa shi ne digiri a Ilektrikal. Wanda ke tace takardu kos yake fara dubawa, in bai ga abinda aka ce ya nema ba ya ajiye takardar gefe, bai ma kai ga ganin tambarin jami'ar ba. Ranar nan satifiket ɗin Agrik Injiniyarin daga Tek ba zai buɗe miki wannan ƙofar ba, na Ilektrikal daga Tarkwa kuwa zai kai ki aƙalla ɗakin intabiyu.

Kuma kar ki ɗauka ina raina Agrik Injiniyarin ne, sam. Mutanenmu suna jin "Agrik" sai su ga fartanya, alhali karatun injiniya ne sosai, ban ruwa da madatsai irin su Tono da Vea can arewa, injinan gona, yadda ake busar da hatsi a adana shi kar ya ruɓe. Mu 'yan zango ma mu ya kamata mu fi kowa sanin darajarsa, tunda a gaban idonmu manyan motoci ke sauke albasa daga Nijar da tumatir daga Burkina, namu na gida kuma lokacin kaka ya yi yawa ya lalace a bakin hanya. Ƙasar nan tana bukatar masu wannan karatun. Amma wanda ransa ke so ya kamata ya je, ba wadda aka jefa ta ciki ba.

Akwai wata magana da na san an riga an faɗa miki ko za a faɗa miki, wai ki shiga Tek da Agrik ɗin, in kin gama lebul 100, wato shekarar farko, sai ki canja zuwa Ilektrikal. 'Yata kar ki gina gida a kan wannan. Kos ɗin da bai ɗauke ki da agriget 10 ba saboda cunkoso, cunkoson bazai watse don kin shigo ta wata ƙofa ba. Ki ɗauka abinda aka rubuta a takardar admishin shi zaki gama da shi. Haka duk wanda ya zo ya ce miki shi ya san wani a ciki, a bashi wani abu ya gyara miki kos, ki ce masa kin gode. Duk shekara sai an wanke iyaye da wannan, ana karɓar kuɗi ta MoMo a kashe waya. Kuɗin sukul a bankin da takardar ta ambata kawai ake biya.

Toh UMaT fa, tunda a zango ba a santa sosai ba, bari na baki abinda zaki faɗawa Baba. Ita ma a 1952 ta fara, a matsayin makarantar koyon fasaha ta Tarkwa, daga 1976 ta koma ƙarƙashin Tek ɗin nan da kanta a matsayin sashen koyar da haƙar ma'adinai, sai 2004 ta tsaya da ƙafarta ta zama jami'a. Wato 'yar Tek ce da ta girma aka kai ta ɗakinta. Ta gwamnati ce, ba ta wani mutum ba ce da gobe zai iya rufewa. Ɗalibanta basu kai ko kusa da yawan na Tek ba, kuma wannan ga mai karatun injiniya ba aibu bane, don inda mutane suka yi kaɗan an fi samun hannu ya taɓa na'ura a lab, lakcara kuma ya fi saurin riƙe sunanki, ranar da zaki nemi ya rubuta miki takardar shaida don mastas ko aiki zaki gane amfanin haka.

Sannan garin ma'adinan da Baba yake gudu, ta fuskar karatunki shi ne ribar. Gold Fields na nan Tarkwa, AngloGold Ashanti na Iduapriem, ga masu haƙar manganis a Nsuta, duk kusa kusa. Mutane suna zaton mahaƙa wajen masu karatun dutse ne kawai, alhali injin niƙa dutse, famfunan da ke janye ruwa daga rami, bel ɗin da ke jan kaya, taransifomomi, duk wuta suke ci kamar ba gobe, in ta ɗauke na awa ɗaya asarar da ake yi ba kaɗan ba ce, shi yasa basa wasa da injiniyoyin lantarki. In kika gangara Takoradi kuma ga tashar wuta ta Aboadze. Atachimen lokacin hutu, wanda shi ne inda ɗalibi ke fara ganin abinda ya karanta a allo yana motsi, ya fi kusa da hannunki a can. Ban ce za a kawo miki har ɗaki ba fa, sai kin rubuta takardu kin bi sawu kin jure "ki dawo gobe", amma dai abin yana unguwar.

Bayan digiri hanyar ɗaya ce ko daga ina kika fito, nashonal sabis shekara ɗaya, sannan ki yi aiki ƙarƙashin manya ki nemi rajista da ƙungiyar injiniyoyi ta GhIE, wadda take nan tun 1968, ga kuma dokar majalisar injiniyoyi ta 2011 da ta ce sai mai rajista zai yi aikin. Daga nan ne ake sa wa mutum "Ing." a gaban suna, wato injiniya. Kuma don masu cewa ba aikin mata bane, a 2017 mace ce ta hau shugabancin GhIE ɗin, Carlien Bou-Chedid, ita ce ta farko. Ki riƙe sunan, wata rana zai miki amfani a gardama.

Amma tsaya, akwai tambayar da nake yiwa duk ɗalibin da ya ce min lantarki yake so, ke ma sai na miki. Labarin firijin Mma ya taɓa ni, mu ma nan lokacin dumson 2015 munga tasku, amma kin san me ake karantawa kuwa? Ba gyaran soket da ja waya bane, wannan aikin mai wayarin ne, sana'a ce mai kyau amma daban take. Ilektrikal lissafi ne a kan lissafi, abinda ido baya gani ake auna shi da alƙalami, kalkulas ɗin da kika ɗanɗana a Ilektif Mas can shi ne ruwan sha. In a sakandire sashen lantarki da maganaɗisu na Fiziks shi ne inda kike jin daɗi, kuma lissafi baya baki tsoro ko da yana baki wuya, toh bismillah. In kuwa haddace su kika yi don ki ci jarrabawa kina addu'ar kar ki sake haɗuwa da su, ki faɗawa kanki gaskiya tun yanzu, ni bana bukatar amsar, ke ce mai bukata. Ki nemi jerin darussan kos ɗin guda biyu daga lebul 100 har 400 ki karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya ki ji wanne ne ranki ke motsawa a kai, kuma ki samu lambar wata 'yar lebul 300 a kowane ɓangare ki tambaye ta abinda ta tsana a kos ɗin, ba abinda take so ba, a nan ake jin gaskiya.

Yanzu kuɗi, shirun Mma. Wannan shirun ya fi faɗan Baba nauyi a wajena, don Baba ana iya lallashinsa, aljihu ba a lallashinsa. Tarkwa gari ne mai tsada, ma'aikatan mahaƙa sun ɗaga kuɗin haya da na abinci, kuma ki sa a ranki ba lallai ki samu gado a hol na cikin sukul duk shekara huɗun ba, wata shekarar hostal na waje ne. Ki zauna da Mma da biro da takarda, ba da baki ba, ku rubuta kuɗin sukul, kuɗin ɗaki, kuɗin ci na wata, kuɗin mota zuwa da dawowa duk hutu, laftof, kalkuleta ta kirki, takalmin sefti da hular kwano, hotokofi, data, da ɗan abinda za a ajiye don ciwo. In kun haɗa ku ninka huɗu ku ƙara wani abu a kai, tunda sidi kin san halinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abinda na fi tsoro a rayuwar ɗalibi shi ne ya kai lebul 300 kuɗi ya yanke, ga shi bai gama ba ga shi bai fasa ba.

Akwai abubuwan da zasu rage nauyin. A 2025 gwamnati ta fara tsarin No Fees Stress na ɗauke kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantun gwamnati, ki bi ki cike, amma ki lura kuɗin karatu ne, ba ɗaki ba ba abinci ba, kuma shekarar farko ce kawai, sauran ukun suna nan suna jiranku. Akwai rancen ɗalibai na SLTF da yanzu Ghana Card ake nema ba sai an kawo mai tsaya miki ba, sai dai akwai kuɗin ruwa a kai, kuma na san gidajenmu, wannan magana ce da Baba zai so ya ji ta bakin malami kafin a sa hannu, kar ki ɓoye masa. Sikolashif kuma ki nema kamar mai neman ruwa a rani, ofishin sikolashif na gwamnati, GETFund, GNPC, MTN, asusun raya zango, ofishin ɗan majalisarku, mace mai karatun injiniya da sakamako irin naki tana da abin nunawa. Na kamfanonin ma'adinai dai sun fi karkata ga 'ya'yan garuruwan da suke haƙa a ciki, kar ki sa shi a lissafi. Kuma gaba ɗaya duk kuɗin da bai shigo hannu ba kar ya shiga takardar da kuke rubutawa da Mma, in ya zo daga baya alhamdulillah.

Ɗaya ɓangaren kuma, kar ku rubuta sifili a gaban Tek don tana bakin ƙofa. Trotro, motar haya, kullum daga Aboabo, ki bi cunkoson Anloga Junction da Oforikrom kafin ki kai Tek Junction ki kama lakcar safe, ki dawo da dare bayan lab. Wannan ma mai sauƙi ne. Babban kuɗin da 'ya mace ke biya in tana karatu daga gida ba sidi bane, lokaci ne. Ni mace ce a zango na tashi, na san in kina gida kina gida ne, wanke-wanke naki, tuwon dare naki, "je ki tsare shago Mma zata suna", biki, rasuwa, baƙi daga arewa, ƙanne da aikin gida, kuma ba wanda zai yi haka da mugunta, kawai dai kina nan ne ana ganinki. Yayanki namiji in ya ɗau littafi sai a ce a bar shi yana karatu, ke in kin ɗauka sai a ce in kin gama ki zo. Shi yasa zaki ga 'yan Kumasi da yawa da suka fara daga gida, kafin lebul 200 sun koma haya a Ayeduase ko Kotei, unguwannin gefen Tek, kuɗin hostal ɗin da aka guda ya dawo ta taga. Ku sa wannan a ma'auni ku ma.

Sai Baba. Dan Allah kar ki je masa da "ai haƙƙina ne" ko "zamani ya canja", zaki rufe ƙofar da hannunki. Kuma kar ki ɗauka bai san abinda yake faɗa ba, Tarkwa gari ne da kuɗin zinari ke yawo a hannun samari, 'yan galamse masu haƙar zinari ba izini da sabbin babura da manyan wayoyi, uba in ya ji 'yarsa 'yar shekara 19 zata can ita kaɗai dole gabansa ya faɗi. Abinda babba ya hango yaro ko ya hau rimi bazai hango ba, wannan gaskiya ne. Sai dai ni da na ga ɗalibai sun shiga jami'a sun fito shekara da shekaru zan ce miki Ayeduase ma ba Makka ba ce, wadda zata lalace a tsakar gidansu ma lalacewa take, abinda ke tsare yarinya tarbiyyar da ta tafi da ita ce da kuma su wa ta zauna da su. Amma wannan ba ke zaki faɗa masa ba, a bakinki rashin kunya ne, a bakin sa'ansa kuwa nasiha ce.

Don haka ki nemo bakin. Kowane uba yana da mutum ɗaya da in ya yi magana yake sauke murya, ko yayarsa gwaggonki, ko kawunki, ko limamin masallacinku, ko malamin makarantar da ya sauke ki. Ki fara shawo kan Mma, ita ta san ko wane ne. Kuma wanda zai je kar ya je da zancen GRIDCo da taransifoma, Baba ba wannan yake tambaya ba ko da bai furta ba. Tambayarsa ita ce ina zata kwana, da wa zata zauna, in ta kwanta ciwo da dare wa zai kai ta asibiti, wa zan kira in wayarta bata shiga ba. Ku tanadi amsar waɗannan tun kafin a zauna. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA tana jami'o'inmu, ki nemo shugabar mata ta reshen can ku yi magana, ki samu 'yar'uwa Musulma da zaku haɗa ɗaki. Tarkwa tana da zangonta da limaminta, kuma mu Hausawa ina ne bamu da wani, in aka bincika cikin abokan kasuwancin Baba ko dangin Mma da wuya a rasa gidan da za a ce ga 'yarku nan amana, ki riƙa zuwa Juma'a kina gaishe su kina cin tuwo.

Abinda kuma na ga ya fi komai aiki, ki roƙi Baba ya je ya gani da idonsa, ko ya tura yayanki ko kawu tare da ke. Mota ce daga nan ta bi Obuasi, Dunkwa, Bogoso ta sauke ku, da nisa kam kuma hanyar tana gajiyarwa, amma ba Legas ba ce ba Makka ba ce. Gani ya kori ji. Uban da ya tsaya a ƙofar hol ya ga mai gadi, ya yi sallah a masallacin ɗalibai, ya sha koko da ƙosai a zangon garin ya ji ana Hausa, ba shi ne uban da yake zaune a Aboabo yana hasashen rami da 'yan galamse ba. Kuɗin motar nan na mutum biyu shi ne kuɗi mafi amfani da zaku kashe a duk wannan lamarin.

Wata kila kuma akwai zancen aure a ƙasan maganar, iyayenmu basu cika faɗa kai tsaye ba. In ya taso, shekara huɗu ce a Tek, shekara huɗu ce a Tarkwa, ba wadda ta fi wata tsawo.

In an yi duk wannan Baba ya ce a'a har zuciyarsa, ko takardar ku da Mma ta nuna kuɗin bazai kai ba, toh ba zan ce ki tsallake maganarsa ki hau mota ba, karatun da aka fara da fushin uba ni ban taɓa ganin daɗinsa ba. Amma ko a nan ba Agrik ce kaɗai ta rage ba. Kumasi Technical University, tsohuwar Poli da aka mayar jami'a a 2016, tana koyar da lantarki, tana cikin gari kusa da ku, hanyar zuwa "Ing." ta nan ta fi zagaye amma tana kaiwa, kuma yaranta hannunsu ya san aiki. Ki je ki tambaya ko fom ɗinsu na nan. Ko ki haƙura shekara ɗaya ki sake cikewa ki haɗa da reshen Tek na Obuasi, shi ma akwai injiniyarin a can kuma ya fi Tarkwa kusa, sai dai zaman shekara ɗaya a gida ga budurwa a zango kin san abinda yake jawowa, masu sallama zasu fara layi. In kuma Agrik ɗin kika karɓa, ki karɓe shi da hannu biyu ba da tsaki ba, ki karkata wajen famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana da injinan sarrafa amfanin gona, wuta na ciki sosai, kuma Tek tana da mastas a fannin makamashi da zaki iya bi daga baya. Wannan hanya ce ta gaske ba lallashi nake ba, amma ta biyu ce, kar ki fara da ita don kawai tsoron buɗe baki.

Ki yi istihara, amma bayan kin tattara bayanan nan, kuma ba sai kin zauna jiran mafarki ba, ki yi sallarki ki ci gaba da bin abin ki ga inda Allah ya sauƙaƙa. Sati ukun nan kuma kar ki bari su tafi a kuka da hira da ƙawaye a WhatsApp. Yau da daddare ke da Mma da biro. Kafin Juma'a a samu wanda zai ga Baba. Sati na biyu tafiya Tarkwa. Ki bar kwana huɗu ko biyar a ƙarshe don banki, ranar rufewa netwok baya da amana kuma layi har waje. Kar a biya wuri biyu don "a riƙe gurbi", kuɗin da ya shiga da wuya ya fito.

In Allah ya sa tafiyar ta tabbata, ki sayi lema mai ƙarfi da takalmin roba tun daga Kejetia, ruwan Tarkwa ba irin namu bane, sai ya wuni yana zuba, ki kuma sa Mma ta ƙulla miki yaji da kuka da daddawa da yawa. Ki rubuto min bayan an ga Baba, ina so na ji wa kuka tura da abinda ya ce.